Wadda Ta Sayi Iska

Nelida na zagaya falon da ba a gama ba, tana girgiza sandunan da aka tokare katakon dekin da su ɗaya bayan ɗaya, sai ga Elmer ya hauro matakala yana haki. Rabon da ta ga irin wannan fara'a a fuskarsa har ta manta.

"Neli, Mama ta karɓe ni."

"Wace Mamar?"

"Taki mana."

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara biyu suna tare, uwarta Doña Teodosia ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. In ta tashi maganarsa sai ta ce "ɗan hayar nan," ranar da abin ya motsa kuma ta ce "ɗan dajin nan na Pucallpa." Laifinsa bai wuce biyu ba: malamin firamare ne, kuma duk faɗin Lima ba shi da bulo ɗaya da zai nuna ya ce nasa ne.

"Har makaranta ta same ni, ana tashin yara," ya ce yana share gumi. "Da ƙafarta, Neli. Ta kawo min soyayyen ɓeran Masar da dankali, an lulluɓe da farin ƙyalle. Ta zauna a ajina. Malam Elmer ta ce min. Sunana ta kira."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce ni take so in zama uban rufinki ranar Asabar. In an gama zuba dekin, ni zan fasa kwalba da guduma."

Ta dafa bango.

"Ka ci abincin?"

"Tas na cinye."

"Ka amsa mata?"

"Hannu bibbiyu. Lafiya kike kallona haka?"

"Elmer, wanda ya fasa kwalba a rufina, me ya zama a wurina?"

"Compadre mana, aminin gida."

"A garinku compadre yana auren comadre, matar da ya tsaya wa?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Haba, wancan ai na baftismar yaro ne. Na rufi kuwa a wurinmu wasa ne, a sha giya, a yi rawa, gobe kowa ya manta."

"A wurin mutanenmu na Ayacucho ba a mantawa. Ranar da ka ɗaga gudumar nan ka zama ɗan'uwana. In muka ce za mu yi aure bayan haka, ko kare ba zai zo bikin ba. Kakata da ke ƙauye sai ta sa a yi mata addu'a a coci, ta ce jikarta ta auri wanda suka fito ciki ɗaya." Ta matso kusa da shi. "Ba karɓarka ta yi ba. Rufe maka ƙofa ta yi, ta kuma sa ka yi mata godiya."

Elmer ya zauna a kan buhun siminti kamar an zare masa laka.

Ita kuwa zuciyarta tafasa take. Duk abin da ta haɗiye a kan ginin nan ya dawo mata sabo.

Da ta gama jami'a, aiki ta samu a ofishin wasu dillalan gidaje a unguwar Miraflores, tana zagayawa da masu kuɗi tana nuna musu benayen da ita ba za ta taɓa kwana a ciki ba. A can ta gane cewa wanda ba shi da fili yana iya farawa da iska. A unguwarsu ta San Juan de Lurigancho kowa na barin rodi tsaye a saman gidansa, yana jiran ranar da zai ƙara hawa. Sararin da ke saman rufin nan shi ne iskar gida, kuma ana sayar da ita kamar yadda ake sayar da fili. Sai ta sayi iskar gidan uwarta. Ba ta karɓa kyauta ba, biya ta yi, ta kai Mama gaban lauya aka sa hannu, don kada gobe yayyenta su taso su ce gado ne. Sashe biyu za ta gina, ta zauna a ɗaya, ta zuba 'yan haya a ɗaya, in abu ya kankama ta nemi iskar wani gidan.

Mama ba ta yafe mata zuwa wurin lauyan nan ba har yau. Duk wadda ta shigo gidan sai ta ji: "'Yata mai digiri ai iska ta saya." In kuma za ta ambaci ginin, "rufina" take cewa, ba ta taɓa cewa na Nelida ba.

"Ka je ka ce mata ka fasa," ta ce.

Ya girgiza kai ba tare da ya ɗago ba. "Na ci abincinta, Neli. Na ba ta hannu a gaban shugabar makarantarmu. In na koma na ce na fasa, na zama abin da take faɗa a kaina tun farko: mutumin da ba shi da tushe, maganarsa ma ba ta da tushe."

"To ka zaɓi maganarka a kaina kenan."

"Ban ce haka ba."

"Me ka ce? Ni na yini a rana ina ƙirga bulo da leburori suna min dariya. Na bar aikin ofis, ƙawayena suka ce na haukace. Yayyena sun daina gaishe ni. Duk na shanye, saboda ina cewa a raina ɗakin can na kusurwa mai taga biyu namu ne, nan za ka ajiye littattafanka. Kai kuma faranti ɗaya aka kawo maka ka sayar da mu."

Hawaye ya cika masa ido. "Shekara biyu ina gaishe da matar nan tana amsa wa bango. Rana ɗaya ta kira sunana. Me kike so in yi tunani? Uwata ta rasu ina ƙarami, na ɗauka Allah ya ba ni wata."

Wannan maganar ta soke ta, amma ba ta bari ya gani ba. Ta juya masa baya tana kallon tsaunukan da gidaje suka hau kansu har ƙoli.

"Tafi," ta ce. "Ka zo ranar Asabar, tunda kai mai cika alkawari ne."

Yana fita ta sauka. Matakalar ta ratsa ne ta falon Mama, don haka ba ta da hanyar da za ta bi ba ta gan ta ba. Ta same ta a kicin tana tsince busasshen dankalin da za a jiƙa don abincin magina.

"Mama, me Elmer ya yi miki?"

"Girmama shi na yi. Ba ke kike cewa ba na ganin mutuncinsa ba?"

"Kin san bai san al'adarku ba."

"Al'adarku?" Doña Teodosia ta ɗago. "Yau kuma ta zama tamu, ba taki ba? Digirin ne ya wanke miki jini?"

"Kin yaudari maraya da abinci, Mama. Ko kunyar Allah ba ki ji ba?"

Tsohuwar ta ture kwanon gefe. Idonta ya kaɗa.

"Ke za ki koya min kunyar Allah? A kan tsaunin nan na kwana ƙarƙashin tabarma, kina goye a bayana. Hukuma ta rushe mana rumfa da safe, mu kafa da yamma. Ruwa a ka nake hawo da shi. Ubanki ya mutu bai ga an shafa wa bangon nan fenti ba. Na yi duk wannan ne don ki ƙare a wanke wa malamin makaranta rigarsa ɗaya? Ga Don Fortunato, mutumin garinmu, shagon kayan gini har biyu, tun da matarsa ta rasu bai kalli kowa ba sai ke. Ya ce ranar da kika amsa, hawa huɗu zai ɗora miki a kan gidan nan."

"Ya ɗora, gidan ya zama nasa."

"Ke kuma ki zama matar mai gida."

"Ni ma gini nake yi, Mama."

"Iska kike yi." Ta ja kwanonta ta ci gaba da tsinta, hawaye na ɗiga a cikin dankalin ba ta share ba. "Ranar Asabar za a gama komai cikin mutunci. Ba faɗa, ba tonon asiri. Zai zama compadre ɗinki, ki riƙa gaishe shi da girmamawa har ki mutu. Wata rana za ki gode min."

Nelida ta juya ta fice. Ta san in ta ƙara kalma ɗaya kuka zai ƙwace mata, kuma ta yi wa kanta alkawari ba za a ga hawayenta a kan ginin nan ba.

Ranar Asabar tun da sassafe injin kwaɓa kankare ya tashi unguwa. Leburori suka yi layi, kowa da gwangwani a kafaɗa, suna hawa dogon tsanin katako da aka jingina ta bakin titi, su juye su sauko a guje. Don Sixto, shugaban magina, yana sama yana daka musu tsawa, don dekin in an fara zuba shi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. A ƙasa mata sun kewaye tukwane, ƙamshin miyar busasshen dankali da gyaɗa ya cika layin.

Don Fortunato ya iso da hantsi cikin farar motarsa, ya sha farin kwat duk da zafin da ake yi, gashin baki ya sha mai. Ya sumbaci Mama a kumatu, sannan ya juyo.

"Injiniya Nelida, ranki ya daɗe. Kin ga yadda simintina ke kwanciya? Irinsa na ware miki, wanda ba na sayar wa kowa."

"Na biya kuɗinsa, Don Fortunato."

"Yau kin biya. Gobe wa ya sani, ƙila mai shagon ma ya zama naki." Ya yi dariya shi kaɗai, ya leƙa bayanta. "Ina malamin namu? Na ji an ba shi babban matsayi. Allah ya sa dai albashin ya isa sayen alewar da zai watsa wa yara."

Ashe ya sani. Tare suka kitsa. Ta ji kamar ta kwaɗa masa gwangwanin kankare a kwat ɗin nan, amma ta yi murmushi ta wuce.

Rana ta karkata aka gama. Jama'a suka hauro ta matakalar falon Mama suka cika sabon ginin, suna raɓawa tsakanin sandunan tokare. An rataye kwalbar shampen a saman ƙofar shiga, an ɗaure mata jan ƙyalle da furanni. Elmer na tsaye a gefe cikin rigarsa ta zuwa coci, riƙe da ƙaramin gicciyen ƙarfe da za a kafa a saman rufin. Kallo ɗaya ta yi masa ta san kwanakin nan bai ci abincin kirki ba.

Doña Teodosia ta karɓi guduma daga hannun Don Sixto, gudumar ma an ɗaure mata furanni, ta ɗaga murya.

"'Yan'uwa, ga uban rufinmu, Malam Elmer Sangama."

Aka yi tafi. Tsofaffin matan garin su Mama suka kalli juna, wata ta rufe baki da mayafi. Sun gane. Mama ta danƙa masa gudumar, ya karɓa.

Nelida ta tako tsakiyar falon.

"Mama, kafin a fasa, ina da tambaya. Rufin nan na waye?"

Mama ta juyo.

"Wace irin tambaya ce wannan a gaban mutane?"

"Ai gara a gaban mutanen. Kullum ina jin kina cewa rufinki. In naki ne, to Malam ya fasa, ya zama compadre ɗinki, ni ba ruwana. In kuma nawa ne, ki faɗa kowa ya ji."

Ta ga lokacin da maganar ta isa inda aka aike ta. Fuskar Mama ta canza. In ta ce nata ne, tarkon ya tashi a banza.

"Naki ne."

"Ban ji ba, Mama, ƙarar injin nan ta toshe min kunne."

"Na ce naki ne. Ke kika saya, ke kika gina."

Tun da aka kafa bulon farko take jiran wannan kalmar, sai ga shi ta zo mata a ranar da ba za ta iya jin daɗinta ba.

"Na gode. Don Sixto, kai ka zuba rufi ya fi a ƙirga. Wa ke zaɓen uban rufi?"

Tsohon ya sosa ƙeya. "Mai rufi mana, 'yata."

Ta je gaban Elmer ta kama ƙotar gudumar. Ya riƙe. Ta ji ƙarfin yatsunsa, ta ga abin da ke cikin idonsa: shugabar makaranta, hannun da ya bayar, sunan da aka kira sau ɗaya. In ya saki, gobe duk unguwa za ta ce an ƙwace guduma a hannunsa a gaban jama'a kamar yaro.

"Ba kai ka fasa alkawari ba," ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. "Ni na hana ka. In kana sona, ɗauki wannan kunyar."

Ya kalli idonta. Sannan yatsunsa suka saki.

Ta juya, ta ratsa mutane, ta tsaya gaban farin kwat.

"Don Fortunato Berrocal, babban mutum a unguwar nan, mutumin garin iyayena. Da simintinka aka zuba rufin nan. Ina roƙonka a gaban jama'a ka zama ubansa."

Leburori suka kaure da shewa, don sun san uban rufi mai shago biyu giyarsa ba za ta yi kaɗan ba. Shi kuwa murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya kalli Mama. Ya sa hannayensa a aljihu.

"Injiniya, ai ba a yi haka ba. An riga an ba Malam, kada in shiga haƙƙinsa."

"Malam ya yafe. Ko ba haka ba, Malam?"

"Na yafe," in ji Elmer, muryarsa a dushe.

"Ni dai… ban shirya ba. Ban zo da komai ba."

"Shagonka ga shi can a bakin titi, ba nisa." Ta ƙara miƙa masa gudumar, ta ɗaga murya yadda na kan matakala ma za su ji. "Ko dai ba ka yarda da simintin ba ne? In kana tsoron sa albarka a rufin da aka zuba da kayanka, ka faɗa mana yanzu, mu fita daga ƙarƙashinsa tun bai faɗo mana a ka ba."

Wani ya tuntsire da dariya. Mutane suka fara ɗaga kai suna kallon katakon da ke samansu. Rabin waɗanda ke wurin a shagonsa suke sayen siminti, sauran rabin kuma suna da rodi tsaye a saman gidajensu suna jiran ranarsu.

"Don Fortunato," in ji Don Sixto, "kankare na bushewa, yarana na jin ƙishi."

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya sake kallon Mama, ita kuwa ta kafe bango da ido. Ya fizgi gudumar, ya kai wa kwalbar duka kamar ita ta yi masa laifi. Ta tarwatse, kumfa ya wanke masa kwat.

Nelida ta buɗe hannu ta rungume shi yadda al'ada ta ce, kafaɗa da kafaɗa.

"Compadre," ta ce. "Allah ya bar zumunci har mutuwa."

"Comadre," ya amsa ta cikin haƙora.

Aka saki kiɗa, aka hau kafa gicciye. Doña Teodosia ta juya. Ta je bakin matakala ta tsaya tana cewa baƙi su sauka abinci na hucewa. Suka riƙa wuce ta ɗaya bayan ɗaya har wurin ya yi fili. Da Nelida ta zo wucewa, Elmer na bayanta, sai Mama ta tare ƙofar da jikinta.

"Ina za ki?"

"Ƙasa, Mama. Baƙina ne."

"Kin sa na faɗa a gaban duniya cewa rufin naki ne. Na faɗa. To ni ma ki ji nawa." Muryarta ba ta tashi ba. "Iska na sayar miki. Ban sayar miki da matakala ba. Je ki tambayi lauyan naki."

Ta ja ƙofar ƙarfen, sakata ta shiga.

Nelida ta tsaya tana kallon ƙofar. Gaskiya Mama ta faɗa. Ita da ta yi shekaru tana yi wa masu sayen gida kashedi su duba hanyar shiga kafin su duba ɗaki, a nata cinikin ba ta sa matakala ba, domin bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai ranar da za ta nemi izinin ratsa falon uwarta ba. Ta dafa ƙarfen. Ta bayansa tana jin numfashin Mama, ba ta sauka ba, tana nan tsaye. Da ta ce "Mama, yi haƙuri," ƙila da an buɗe.

Ba ta ce ba.

"Neli," in ji Elmer, "saboda ni ne duk wannan."

"Saboda ni ne. Kada ka ƙwace min."

Ta share fuskarta da bayan hannu, ta nufi gaban ginin inda tsanin leburori ke jingine, duk ya yi dumu-dumu da kankare. A ƙasa layin ya cika, kowa da faranti a hannu. Ta leƙa ta hango shugaban magina.

"Don Sixto, kada a ɗauke tsanin nan. Ranar Litinin kuma ka turo min maƙerin da ke yin matakalar ƙarfe, irin mai murɗawa. Ta waje za a kafa ta."

Cokula suka tsaya. Kawuna suka ɗago. Elmer ya riga ta sauka, ya dafe ƙafafun tsanin da hannu biyu, ya sa gwiwa ya tokare. Ta tattare rigar bikinta, ta cire takalma ta wurgo su ƙasa, ta juya ta ɗora ƙafa a kan katakon farko, unguwa gaba ɗaya na kallo.

"Riƙe da kyau, Malam," ta ce. "Daga yau nan ce ƙofar gidanmu."